Yadda ake sa ido kan ingancin bugun 3D da sensa, tun aiki yana kan na'ura

Duk abin da firintar 3D ta ƙera, shimfiɗa kan shimfiɗa take gina shi. Ɗauki abu mai tsayin santimita 10. A ƙaramar na'urar roba, inda kaurin kowace shimfiɗa milimita 0.2 ne, sau 500 ke nan za a zuba. A injin da ke narka garin ƙarfe da hasken lesa kuwa, inda kaurin kan zama milimita 0.04, sau 2,500 ne. Kowace ɗaya na iya ɓaci, kuma da zarar ta sama ta rufe ta, ido ba ya ƙara ganinta. Kamar ginin bulo ne: in sahu na uku ya karkace, babu mai zaro shi bayan an kai linta. Tun ran gini ran zane.

Shi ya sa masu wannan sana'a suke dasa sensa, wato ƙananan ma'aunai masu jin zafi, motsi ko haske, a jikin na'ura, don a ga ɓarna a daidai lokacin da take aukuwa. Sai dai sensa ba ta san mai kyau da marar kyau ba, lamba kawai take ba ka. Kai ne za ka gano wace lamba ke nufin lafiya, wace ce ke nufin an samu matsala. Wanda ya tsallake wannan aikin zai cika kwamfuta da bayanai, amma ranar da kaya ya karye a hannun mai shi ba zai iya nuna inda abin ya faro ba. A kan wannan na gina matakan da ke tafe.

Mataki na farko: san ɓarnar da kake farauta

Kafin ka sayi ko da waya ɗaya, tattaro kayan da suka lalace maka a baya, ka baje su a tebur, ka rubuta abin da ya sami kowanne. A na'urar roba abubuwan ba su da yawa: shimfiɗar farko ta ƙi kama faranti, gefe ya bankare ya ɗago, nozul (bakin da narkakkiyar roba ke fitowa) ya toshe, zaren robar da na'ura ke narkawa ya ƙare ko ya sarƙe a naɗinsa, shimfiɗu sun goce gefe guda, ko kuma aikin ya ɓalle gaba ɗaya na'ura ta ci gaba da zuba zare a iska. A injin ƙarfe manyan abokan gaba su ne ƙananan ramuka a cikin jikin ƙarfen, tsagewa, da ɗagowar wani sashe har ya yi karo da wuƙar da ke baza gari.

Kowace ɓarna akwai sensar da ke iya ganinta, akwai kuma wadda ba za ta taɓa ganinta ba. Kyamara ba ta ganin ramin da ke ƙarƙashin fata, sensar zafi ba ta san bel ya saki ba. Zaɓi biyu ko uku da suka fi cinye maka kuɗi, ka fara da su.

Mataki na biyu: gyara sensocin da na'ura ta zo da su

Mutane da yawa ba su lura cewa na'urarsu ta riga ta zo da sensa ba. Akwai tamista, wato sensar zafi, a kan nozul, akwai wata a ƙarƙashin faranti. Gwajinsu ba ya cin ko sisi. Da safe, kafin ka kunna zafi, duba allon na'ura: zafin nozul da na faranti ya kamata su zo kusan ɗaya, kuma su yi daidai da zafin ɗakin. In ɗaya tana cewa digiri 31 ɗaya tana cewa 38 alhali na'ura ta kwana a kashe, to ɗaya tana ƙarya, kuma duk abin da ka gina a kan maganarta ya tashi a banza.

Daga nan sai daidaita yadda na'ura ke riƙe zafi. Marlin da Klipper manhajoji ne da ke tafiyar da firinta. A Marlin umarnin shi ne M303 E0 S210 C8 U1, ka bi shi da M500 don ya zauna. A Klipper kuwa PID_CALIBRATE HEATER=extruder TARGET=210, sannan SAVE_CONFIG. Yi shi a zafin da kake aiki da shi: zaren roba irin PLA kan so tsakanin digiri 190 da 220, irin PETG tsakanin 230 da 250. Bayan an daidaita, layin zafi a allo ya kamata ya miƙe, kada ya yi sama da ƙasa fiye da digiri ɗaya ko biyu. In ka ga yana faɗuwa farat ɗaya yana komawa duk lokacin da kan na'ura ya je wani gefe, wayar tamista ce ta fara karyewa daga ciki.

Ina roƙonka kada ka kashe kariyar hauhawar zafi da ke cikin manhajar na'ura, komai yadda take damunka da tsayar da aiki. Ita ce ke yanke wuta idan tamista ta zame daga mazauninta, hita kuma ta ci gaba da ƙuna ba tare da sanin ta wuce iyaka ba. Gobarar firinta kan iya tashi daga nan. Ka kuma rataya ƙararrawar hayaƙi a saman inda na'urar take.

Sai sensar da ke auna tazarar nozul da faranti, ko BLTouch ce mai ɗan tsinke, ko irin mai jin ƙarfe ba tare da taɓawa ba, ko irin ta firintar Prusa MK4 da ke amfani da nozul ɗin kansa yana jin nauyin taɓawa. Sa ta auna wuri ɗaya sau goma: M48 a Marlin, PROBE_ACCURACY a Klipper. Idan bambancin awo mafi girma da mafi ƙanƙanta ya haura milimita 0.025, ba za ka dogara da ita ba sai ka gano abin da ke motsi. Kuma ka auna faranti yana da zafi, domin ƙarfe kan buɗe da zafi, sensa mai jin ƙarfe kuma awonta kan sauya in ta ɗumama.

Mataki na uku: ƙara abin da ya rage

Sensar zare iri biyu ce, kuma bambancinsu babba ne. Ta farko ɗan makunni ne da ke cewa akwai zare ko babu. Ranar da nozul ya toshe, ko zare ya sarƙe, za ta ci gaba da cewa akwai, domin zaren na nan a cikinta, tafiya ce kawai ba ya yi. Ta biyu tana da ƙaramar taya da zare ke juyawa in yana wucewa, kamar Smart Filament Sensor ta kamfanin BigTreeTech. In na'ura ta ba da umarnin tura zare taya ba ta juya ba, sai aiki ya tsaya. Wannan nake ba da shawara a saya. Akwai kuma mai auna kaurin zaren yana tafiya. Zaren da aka rubuta milimita 1.75, in ya zo 1.80, robar da ke fita ta ƙaru da kusan kashi 6 cikin ɗari, abin da ya isa ya hana ƙusa shiga raminta.

Don girgiza, ƙaramar sensa mai araha da ake kira ADXL345 ta wadatar. A ɗaure ta da noti a kan na'ura, ba da salatif ba, domin in ta yi lilo girgizar kanta za ta auna. In farantinka ne ke kai da komo, sai ka ɗaura ta a can ma don auna wannan ɓangaren. Umarnin SHAPER_CALIBRATE a Klipper zai kaɗa na'urar ya fito maka da bayanan da za ka mayar zane mai ƙololuwa a inda ta fi rawa, yawanci wani wuri tsakanin sau 30 da 80 a daƙiƙa. Yawancin mutane sau ɗaya suke yin wannan su manta. Ajiye zanen, ka maimaita bayan wata guda. In ƙololuwar ta sauko ƙasa, ko ta rabu gida biyu, bel ya saki ko noti ya kwance, ka kuma gano tun kafin ya bayyana a jikin kaya.

Ga mai aiki a ƙasar Hausa, yanayi ma abin aunawa ne. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, PLA kuwa yana fara laushi ne a wajen digiri 60. Na'urar da aka rufe cikin akwati a irin wannan lokaci, zafin ciki kan hau har zare ya yi laushi tun bai kai nozul ba, haƙoran da ke tura shi su dinga cin jikinsa, aiki ya tsaya a tsakiya. Sa sensar zafi da laima irin BME280 ɗaya a cikin akwatin, ɗaya a robar ajiyar zare. Da damina zare kan sha laima, musamman nailan da PETG. Kasa kunne kusa da nozul: za ka ji ƙaramar ƙara tas-tas, ka ga jikin aikin ya yi ƙuraje da siraran gashi. Ruwan da ke cikin zaren ne ke tafasa. Da hunturu kuma ƙura ce, tana hawa zare ta bi shi har cikin nozul. Batun ɗaukewar wuta kuwa, inbata ko batirin ajiya ya fi dogaro da tsarin ci gaba bayan yankewa, domin ko na'ura ta ɗora daga inda ta tsaya, wurin haɗin kan zama mai rauni.

Kyamara ce ta ƙarshe. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da manhajar OctoPrint, wadda Gina Häußge ta fara a 2012, ko Mainsail ga masu Klipper, sun isa. Kafe kyamarar kada ta motsa, ka ba ta fitilarta, kada ka dogara da hasken taga da ke sauyawa daga hantsi zuwa la'asar. Sa ta ɗauki hoto ɗaya a ƙarshen kowace shimfiɗa. Manhajar Obico na duba hotunan ta aiko saƙo a waya in ta ga zare ya tarwatse, amma takan ruɗe da siraran ginshiƙan da ake bugawa don tallafar aikin, don haka a makonnin farko bar ta a kan gargaɗi kawai.

Idan ƙarfe ake bugawa

A nan aikin ya fi zurfi, kuɗin ma haka. Lesa mai ƙarfin wat 200 zuwa 400 tana gudu a kan garin ƙarfe da saurin kusan mita ɗaya a daƙiƙa, tana barin ɗan kududdufin narkakken ƙarfe da faɗinsa bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba. Duk ingancin kayan a cikin wannan kududdufi yake.

Idan ƙarfin lesa ya yi yawa ko tafiyarta ta yi jinkiri, ƙarfen kan tafasa, tururinsa ya haƙa rami mai zurfi siriri. Ramin kan rufta, ya kulle iska a ƙasa, sai a sami ƙananan kogo masu zagaye. Masu bincike na Jami'ar Carnegie Mellon da ɗakin gwaje-gwajen Argonne a Amurka sun ɗauki hoton wannan rami yana samuwa da hasken eksire mai tsananin sauri, suka wallafa a mujallar Science a 2019. Idan kuma ƙarfin ya gaza, sabon layi ba ya narkewa ya haɗe da na ƙasa, sai a bar gibi mai kaifin baki, wani lokaci da ɗanyen gari a ciki. Wannan na biyun ya fi haɗari ga kayan da ke shan jijjiga, domin daga kaifin bakin tsaga ke farawa.

Ana kallon kududdufin ta hanya biyu. Akwai sensar haske da ake sa wa a kan hanyar da lesa ke bi, ta madubai guda, yadda duk inda lesa ta je idonta na wurin. Tana ɗaukar awo sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, kuma dole a sa mata matatar da ke tare hasken lesar kanta, in ba haka ba shi kaɗai za ta gani. Akwai kuma kyamarar da ke kallon farantin duka daga sama, ta tattara hasken zafin shimfiɗa guda a hoto ɗaya. Kamfanin EOS na Jamus ya haɓaka irin wannan tare da MTU Aero Engines masu ƙera injin jirgin sama, Renishaw na Ingila kuma yana da nasa tsarin mai suna InfiniAM. A cibiyar Empa ta Suwizalan an nuna cewa sautin da narkewar ke fitarwa ma na bambanta aiki mai kyau da mai ramuka.

Da a ce ni za a tambaya wace za a fara sakawa, sai in ce kyamarar da ke ɗaukar hoton gari sau biyu a kowace shimfiɗa: bayan an baza, da bayan lesa ta wuce. Ba ta da tsada kamar sauran, kuma kowa na iya karanta abin da ta nuna. Dogon layi a kan gari daga wannan gefe zuwa wancan, wuƙa ce ta sami tabo. Wuri mai ƙyalli da ya leƙo ta cikin gari, sashe ne ya ɗago, saura kaɗan a yi karo. Kusurwar da gari bai kai ba, an rage awon da ake zubawa. Tare da ita sai sensar oksijin, domin ana cika ɗakin injin da iskar agon ko naitirojin, ana kuma riƙe oksijin ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari, ga taitaniyom ma ƙasa da haka. A kuma sa ido kan gudun iskar da ke share hayaƙi da tartsatsi. In matatarta ta fara toshewa, hayaƙi kan tsaya a gaban lesa ya rage mata ƙarfi, ramuka su biyo baya alhali lambobin da ka saita ba su sauya ba.

Kada a ɗauki lambar da kyamarar zafi ta bayar a matsayin ainihin zafin ƙarfe. Gari, da narkakke, da daskararren ƙarfe kowanne yadda yake fitar da haske daban ne ko da zafinsu ɗaya. Abin da ake nema shi ne sauyi: yau ta bambanta da jiya ko kuwa?

Mataki na huɗu: ɗaura kowane awo da lokaci da wuri

Lambar da ba a san shimfiɗar da ta fito ba ba ta da amfani. Kowane awo ya tafi da lokacinsa, da lambar shimfiɗa, in da hali da inda kan na'ura ko lesa take. Agogo ɗaya za su bi duka. A Klipper ana sa manhajar da ke yanka zanen kaya zuwa shimfiɗu ta rubuta SET_PRINT_STATS_INFO a farkon kowace shimfiɗa. Da haka in kaya ya karye a tsayin milimita 42, ka san shimfiɗa ta 210 za ka buɗe, in kaurin kowacce milimita 0.2 ne.

Mataki na biyar: koya wa kanka kamannin lafiya, sannan ka ɓata da gangan

A nan gizo ke saƙa, a nan kuma mutane suka fi gajiya. Zaɓi abu ɗaya ƙarami, ka buga shi sau da yawa da zare ɗaya da saiti ɗaya. Auna kowanne da ma'aunin kauri, ka ɗora shi a sikeli mai ganin kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Nauyi shaida ne mai arha: in robar da ke fita ta ragu, sikeli zai faɗa kafin ido ya gani. Waɗanda suka fito lafiya, bayanan sensarsu su ne ma'auninka.

Sai ka shiga ɓatawa, abu ɗaya a lokaci guda. Sassauta bel kaɗan ka buga. Mayar da shi, ka ɗaga nozul daga faranti da milimita 0.1. Riƙe zare da yatsu na 'yan daƙiƙu yana tsakiyar aiki. Bar guntun naɗi a waje ya kwana biyu da damina. Kowane karo duba wace sensa ce ta motsa, da nawa, kuma tun yaushe kafin ɓarnar ta fito fili. Wadda ba ta motsa ba a kan ɓarnar da ka saye ta dominta, ko mazauninta ne ba daidai ba, ko ba ita ce ta dace ba.

A ƙarfe ana jera ƙananan dunƙule masu faɗin santimita ɗaya a faranti, kowanne da nasa ƙarfin lesa da sauri, daga wanda ya gaza har wanda ya wuce kima. Bayan an gama a auna nauyinsu a iska da cikin ruwa don sanin yawan kogon da ke ciki, a yanka wasu a goge a duba da na'urar ƙara girman gani, masu muhimmanci a kai su hoton CT, wato hoton eksire mai nuna cikin abu. Sannan a ɗora taswirar ramukan a kan taswirar sensa. Za ka tarar da abubuwa biyu masu sanyaya gwiwa. Wani wurin sensa ta yi ihu amma babu rami, domin shimfiɗar da ta biyo baya ta sake narka wurin ta cike shi. Wani wurin kuma ga rami, sensa ba ta ce komai ba. Rubuta yawan kowanne, domin shi ne gwargwadon amanar da za ka ba tsarinka.

Mataki na shida: sa iyaka, ka yanke abin da za a yi

Dabarar da Walter Shewhart ya kawo wa masana'antu a 1924 har yau tana aiki: fitar da matsakaicin awon lafiya, ka ga yadda yake yawo a kewayensa, ka ja layi sama da ƙasa a ninki uku na wannan yawon. Amma iyaka ɗaya ba ta isar kaya duka. A ƙarfe, gefuna da sassan da ke rataye a kan gari kullum sun fi haske, domin gari ba ya janye zafi kamar daskararren ƙarfe. In ka auna su da ma'aunin tsakiya, ƙararrawa ba za ta huta ba, mai kula da injin kuma zai daina kula ta. Raba iyakokin: na ciki daban, na gefe daban, na shimfiɗun farko daban.

Martani hawa uku ne. Ƙaramar kaucewa a rubuta kawai. Wadda ta maimaitu a shimfiɗu uku ko huɗu a jere a wuri ɗaya, a kira mutum ya duba. Abin da ke iya lalata na'ura ko tayar da wuta, kamar hauhawar zafi, tashin oksijin, ko karo da wuƙa, na'ura ta tsaya da kanta ba sai an tambayi kowa ba. Akwai tsarin da ke gyara kansa, kamar Smart Fusion na EOS da ke rage ko ƙara ƙarfin lesa bisa hoton zafin shimfiɗar da ta gabata. Kada ka yi saurin zuwa nan. Sensar da ba ka tabbatar da gaskiyarta ba, in ka ba ta linzami, ɓarnar da za ta yi ta fi ta rashin sensa.

Mataki na bakwai: bayan an sauke kaya

Sa ido lokacin aiki bai soke dubawa bayan aiki ba. Masu ƙera kayan jirgin sama da na dashen jikin mutum har yanzu suna buga sandunan gwaji tare da kayan a faranti ɗaya, su ja su har su tsinke, su kuma ɗauki hoton cikin kayan. Abin da sensa ke yi shi ne nuna maka inda za ka fi zuba ido, da tsayar da aikin kwana uku tun a daren farko in ya riga ya lalace. Ba kowane kaya lambarsa, ka ajiye shi da bayanan sensarsa, da lambar naɗin zare ko buhun gari, da sau nawa aka sake amfani da garin.

Su kansu sensocin suna tsufa. Gilashin da lesa da kyamara ke leƙowa ta cikinsa kan yi baƙi da hayaƙi, sai haske ya ragu a hankali kamar narkewar ce ta sauya, don haka a goge shi kafin kowane aiki. Da hunturu goge idon kyamara da tayar sensar zare duk mako. Duk ranar da ka canza nozul, ko tamista, ko bel, ko ka koma sayen zare a wani kamfani, sake buga ɗan abin gwajin nan, ka kwatanta da tsohon ma'auni kafin ka ɗora aikin mutane.